Kula da Hanta Bayan Dashen Ɓargo

Ke mai juna biyu, da ku iyaye masu ɗa mai sikila, mai yiwuwa kun ji cewa dashen ɓargo yana warkar da wannan cuta. Haka ne. A Nijeriya an fara yin sa ga mai sikila a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a shekarar 2011. Amma aiki ne mai nauyi, kuma hanta tana cikin sassan jikin da suka fi shan wahala bayansa.

Me ke jawo matsalar?

Kafin dashe, ana ba yaro magunguna masu ƙarfi don su kashe tsohon ɓargo. Waɗannan magunguna kan raunata ƙananan hanyoyin jini na cikin hanta har su toshe, galibi cikin mako uku na farko. Wani lokaci kuma sabon ɓargon ne ke ɗaukar jikin yaron a matsayin baƙo, ya far wa hantarsa. Yaron da aka sha yi wa ƙarin jini kan tara sinadarin ƙarfe a hanta. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B da ta kwanta shiru kuma tana iya farfaɗowa idan garkuwar jiki ta yi rauni.

Alamomin da za ku lura da su

Idanu su yi rawaya, wato shawara. Ciki ya kumbura. Nauyi ya ƙaru cikin 'yan kwanaki. Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Fitsari ya yi duhu.

Yadda ake magani

Idan toshewa ce, likita zai rage ruwa da gishiri, ya ba da maganin sa fitsari, a riƙa auna nauyin yaro kullum. Idan ta yi tsanani akwai allurar difiburotayid. Idan sabon ɓargo ne ke faɗa da hanta, ana ba da maganin lafar da garkuwar jiki. Ciwon hanta nau'in B kuwa ana danne shi da ƙwayoyi irin su tenofobir. Kada ku ba yaro jiƙo ko saiwar shawara, ko farasitamol ba da izinin likita ba, domin suna iya ƙara wa hanta nauyi. Ko kun dawo gida Gwandu ko Kalgo, da kun ga alama ku garzaya asibiti da takardun dashen a hannu.

Abin da za ki yi tun yanzu

A wajen awo, ki nemi gwajin ciwon hanta nau'in B, da gwajin jinin sikila ke da maigida. Idan kin haihu, ko da a gida ne, a kai jariri rigakafin ciwon hanta cikin awa 24. Jarirai tara cikin goma da suka kamu lokacin haihuwa sukan zauna da ƙwayar tsawon rayuwa. Yaron da hantarsa ke da lafiya ya fi jure dashe idan buƙatarsa ta taso. Allah Ya sauke ki lafiya.