Bayan Aikin Leza, Awon Matsin Ido Na Iya Yaudarar Mutum

Mutane da dama yanzu suna yin aikin ido da hasken leza, wanda ake kira LASIK, domin su rabu da tabarau. Sai dai aikin yana canza yadda ake karanta awon matsin ido har ƙarshen rayuwa.

Leza tana kankare tantanin da ke gaban baƙin ido ne, ta rage masa kauri. Na'urar Goldmann da asibitoci suka fi amfani da ita kuwa wannan tantanin take dannawa, kuma an ƙera ta bisa kaurin kusan maikiron 520. Idan kaurin ya ragu, sai awon ya fito ƙasa da gaskiya. Matsin lafiyayyen ido yana tsakanin 10 da 21, don haka mutum zai iya ganin 16 ya koma gida hankali kwance, alhali hawan jinin ido, wato gilakoma, yana cin jijiyar ganinsa ba tare da ciwo ba. Ganin da ya tafi kuwa ba ya dawowa.

Masu matsalar hangen nesa, waɗanda suka fi yin wannan aiki, da ma sun fi kusa da cutar. Magungunan ɗigawa irin su prednisolone da dexamethasone da ake bayarwa bayan aikin su ma suna iya ɗaga matsin, don haka kada ku ƙaro kwalba a kemis bayan wa'adin likita ya cika.

Ku adana takardun awonku na kafin aiki. Duk likitan idon da kuka je wajensa, ku gaya masa an yi muku leza, ku nemi ya auna kaurin tantanin, ya duba jijiyar ido da faɗin ganinku.