Waya Ta Uku: Abin da Ke Sa Tarho Ya Yi Ƙara

Akwai wata matsala da ta daɗe tana ɗaure wa masu gyaran lantarki kai. Mutum zai sayo tarhon tebur na gwanjo wanda ya fito daga Ingila, ya jona shi, ya ɗaga kan ya ji layi garau, har ya buga ya yi magana. Amma in wani ya kira shi, tarhon ba zai ce uffan ba. A ɗauka dillalin albasa ne a Aliero da ke jiran labarin farashi daga Legas, ko ma'aikacin jinya da ke tsaron dare a wani asibiti a Jega ko Maiyama. Wanda ya kira yana jin layi na shiga, sai ya zaci an ƙi ɗauka ne. Galibi tarhon lafiyarsa ƙalau; abin da ya rasa siririyar waya ce guda ɗaya.

Layin tarho wayoyi biyu ne kacal na tagulla. Ta cikinsu ofishin haɗa waya ke turo wutar batir mai ƙarfin bolt 48 zuwa 50, wadda ke tafiya gefe guda. Shi ya sa a zamanin NITEL, kamfanin da aka kafa a 1985, tarho kan yi aiki ko da NEPA ta ɗauke wuta. Muddin kan tarho na ajiye, hanyar wannan wuta a katse take. Da an ɗaga shi sai ta soma gudana, ofishin kuma ya gane cewa ana son layi. To, a nan gizo ke saƙa: yaya za a kaɗa ƙararrawar tarhon da hanyarsa ke katse, ba tare da ofishin ya ɗauka an amsa ba?

Dabarar ita ce a aiko da wuta iri na biyu, mai kai-da-komo, wadda a tsarin Ingila ƙarfinta kimanin bolt 75 ne, tana juyawa sau 25 a daƙiƙa. Sai a sa wata 'yar na'ura mai suna kapasita a gaban ƙararrawar. Kapasita faifai biyu ne na ƙarfe da aka raba da siririn abin da wuta ba ta ratsawa. Wutar batir in ta zo sai ta cika shi ta tsaya cik, ita kuwa mai kai-da-komo cikawa da zubarwa take yi ba hutawa, don haka tasirinta kan ƙetara. Ɗaliban ilmin halittu sun san wannan, ko da ba da sunan ba, domin fatar ƙwayar jijiya ma haka take: siririn maiƙo tsakanin ruwan gishiri biyu, mai riƙe caji kimanin maikrofarad 1 a kowace murabba'in santimita.

A yawancin ƙasashe, har da Amurka, kowane tarho da nasa kapasitan a ciki, saboda haka wayoyi biyu sun wadatar. Ingila ce ta bi wata hanya. A 1981, da aka fito da tsarin soket da fulogi don mutum ya iya jona tarhonsa da kansa, sai aka ɗauke kapasitan aka mai da shi cikin soket ta farko da layi ke shiga a gida, wato uwar soket. Abubuwa uku ke cikinta: kapasita mai maikrofarad 1.8, da rezista mai om 470,000, da makarin tsawa. Rezistan na ba ofishi damar gwada layi daga nesa ko da babu tarho a jone. Makarin kuwa yana zubar da wutar da ta wuce kima. Duk wanda ya san hadarin damina a ƙasar Kabi, daga Yuni zuwa Satumba, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A bayan soket akwai haƙora masu lamba. Layin kansa na kan 2 da 5. Kapasita na tsakanin 2 da 3, kuma daga 3 ne waya ta uku, wayar ƙararrawa, ke fita ta zaga sauran soket na gida, waɗanda ba su da komai a ciki sai haƙora. Bisa al'ada shuɗiya mai ratsin fari ce ke zuwa 2, fara mai ratsin shuɗi ta je 5, mai ruwan lemo da ratsin fari ta je 3. Ba a feƙe robar wayar. Da ɗan ƙarfen dannawa ake cusa ta, haƙorin ya yanka robar da kansa ya kama tagullar. Masu sa sukundireba suna buɗe bakin haƙorin ne, bayan 'yan watanni ƙurar hunturu da tsatsa su shiga, layi ya soma ƙarar soyuwa.

Me ya sa Turawan Ingila suka ɗora wa kansu wannan wahala? Tarhon da ake juya lambobinsa da yatsa yana katse layi ne sau 10 a daƙiƙa don ya ƙirga lamba. A gidan da ke da tarho biyu ko uku, wannan katsewa kan sa ƙararrawar sauran ta riƙa 'yar ƙyal-ƙyal, kowa ya san ana buga waya. Da waya ta uku, tarhon da ke bugawa yana iya toshe ƙararrawar duka gidan har ya gama.

Daga nan ana iya karanta alamun ciwo kamar yadda likita ke yi. Magana na tafiya amma babu ƙara: lamba 3 ta katse, ko kuma babu uwar soket sam, wanda shi ne ciwon tarhon gwanjo. Ƙararrawa ta ƙi yin shiru: an juya 2 da 5 tsakanin soket biyu. Ƙarar ta yi rauni: an yi wa layi lodi, domin a ƙa'idar Ingila layi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da nauyin ƙararrawa 4. Uwar soket kuma ɗaya ake sawa a kowane layi. Wutar ƙararrawa tana fizga sosai in hannu na da gumi, don haka a cire layi kafin a taɓa, kada a yi aikin ana walƙiya, kada kuma a bi da wayar tarho cikin bututu ɗaya da ta wutar gida mai bolt 230.

Da intanet ta soma bin wayar tarho sai waya ta uku ta zama alaƙaƙai. Wayoyin layi biyu a murɗe suke da juna, duk hayaniyar da ta shiga ɗaya ta shiga ɗayar daidai, sai su soke juna. Ta ukun ba ta da abokiyar murɗi, sai ta zama eriya, tana kwaso hayaniyar rediyo da ta injuna tana zubawa cikin layi ta kapasita. Mutane da dama a Ingila sun ga saurin intanet ɗinsu ya ƙaru da suka zare ta daga lamba 3, tunda yawancin sababbin tarho da nasu kapasitan suke zuwa.

A nan gida, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kabi a 1991 tarho kayan ofis ne da gidajen manya. Layukan ƙasar baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba har zuwa 2001 da wayar salula ta shigo ta share fagen. Amma tarhon tebur bai mutu ba. Yana nan a tsarin kiran cikin gida na asibitoci da otal-otal da makarantu, da kuma jikin akwatunan intanet masu ramin tarho, kuma mafi yawansu wayoyi biyu suke bayarwa. In tsohon tarhon Ingila ya yi shiru a kansu, a sa uwar soket a tsakani, ko 'yar mahaɗa mai kapasita a ciki, sannan a sa wani ya kira don a gwada.