Sarrafa Kwamfuta Daga Nesa Ta Fuskar Waya

Sarrafa kwamfuta daga nesa hanya ce da ke bai wa mutum damar ganin fuskar wata kwamfuta da ke ofis ko wani gari a kan na'urar da ke hannunsa, ya buɗe fayil, ya yi rubutu, ya gyara matsala, alhali aikin yana gudana ne a can, hotonsa kawai ake aiko masa ta intanet, shi kuma ana mayar da motsin hannunsa. Manyan ƙa'idojin da wannan fasaha ta ginu a kansu sun samo asali ne a ƙarshen shekarun 1990: kamfanin Microsoft ya fito da RDP a shekarar 1998, a daidai lokacin da masu bincike a wani ɗakin gwaji na Olivetti da ke Kambirij ta ƙasar Ingila suka samar da VNC. Daga baya manhajoji irin su TeamViewer da AnyDesk, dukkansu na ƙasar Jamus, suka kai fasahar ga talakawan masu amfani. Waɗancan ƙa'idoji na farko an tsara su ne bisa tunanin cewa mai sarrafawa yana zaune gaban babban allo, da linzami a hannunsa da madannai a gabansa, tunanin da fitowar iPhone a 2007 da iPad a 2010 ta rusa.

Matsala ta farko ita ce ta girma. Fuskar kwamfuta ta yau da kullum tana da ɗigon hoto 1920 a faɗinta, kuma idan aka matse ta a kan waya mai tsawon kimanin santimita 15, alamar da ke da ɗigo 16 za ta koma abin da bai kai milimita ɗaya da rabi ba. Kamfanin Google kuwa yana ba masu ƙera manhaja shawarar kada wurin taɓawa ya gaza kimanin milimita 9, domin gwargwadon abin da kan yatsa ke rufewa ke nan. Mai son danna alamar rufe taga yana iya danna ta kusa da ita, kuma yatsan da yake aiki da shi ya riga ya rufe masa abin da yake nema.

Sai dai girman ba shi ne tushen wahalar ba, domin ana iya buɗe yatsu biyu a faɗaɗa hoto. Tushen shi ne linzami yana faɗin abubuwa da dama da yatsa ba ya iya faɗa. Kibiyar linzami tana iya tsayawa a kan abu ba tare da an danna ba, kuma manhajojin kwamfuta da yawa sun dogara da wannan tsayuwa wajen fito da bayani ko jerin zaɓi. Yatsa kuwa ko dai ya taɓa ko bai taɓa ba, babu tsaka-tsaki. Linzami yana da maɓallin dama da na hagu da ƙaramar taya ta gangarawa, kuma yana rarrabe jan abu da motsa kibiya kawai. Idan mutum ya ja yatsa a kan waya, dole manhajar ta yi hasashen ko yana son gangara shafi ne, ko matsar da hoton da aka faɗaɗa, ko ɗauko fayil daga wani wuri zuwa wani, ko zaɓar jimla, kuma motsi ɗaya ne ke ɗauke da waɗannan ma'anoni huɗu.

Don haka mafi yawan manhajojin, ciki har da ta Microsoft da Chrome Remote Desktop ta Google, suka samar da salo biyu. A na farko, inda yatsa ya sauka nan aka danna, taɓawa mai tsawo ko ta yatsu biyu kuma ta maye gurbin maɓallin dama. A na biyu, fuskar wayar gaba ɗaya takan zama tamkar faifan taɓawa na kwamfutar cinya: kibiya tana nan ana ganinta, yatsa yana tura ta daga ko'ina, ba ya rufe ta. Sababbin masu amfani sukan ƙi wannan salo na biyu saboda yana da nawa, amma shi ya fi dacewa da manhajojin da aka gina wa linzami, tun da ya dawo da daidaiton nuni da kuma tsayuwar kibiya, abubuwan da salon farko ya zubar. Wanda zai cike akwatunan Excel ta waya ba ya daɗewa bai koma gare shi ba.

Akwai kuma gyaran da ake yi daga ɓangaren kwamfutar da ake sarrafawa, wanda ya fi kai wa ga asalin ciwon. Tun daga Windows 8 na shekarar 2012, RDP yana iya isar da taɓawar yatsu kamar yadda take ba tare da an mayar da ita motsin linzami ba, kuma sigar da ta biyo baya ta bai wa kwamfutar damar sauya girman fuskarta ta yi daidai da na'urar da ta haɗu da ita. Manhajar Parallels Access, wadda ta fito a 2013, ta bi wata hanya a lokacin da take aiki: ta riƙa nuna manhaja ɗaya a cike da allo kamar an yi ta don iPad, ta kuma sanya madubin ƙara girma a inda yatsa ya tsaya. Amfanin duk wannan yana tsayawa ne inda tsarin manhajar kanta ya tsaya, domin tsohuwar manhajar lissafin kuɗi mai ƙananan akwatuna ba za ta sauya hali don an taɓa ta da yatsa ba.

Madannai ma suna da nasu rikicin. Na waya suna cinye kusan rabin allo, kuma ba su da Ctrl da Alt da Esc da jerin F1 zuwa F12, shi ya sa ake ƙara musu wani layi na musamman a sama. Abin da ya fi shafar mai rubutu da Hausa shi ne yadda ake aika harafi: wani tsarin yana aika lambar maɓallin da aka danna, kwamfutar ta fassara shi bisa tsarin madannanta, wani kuma yana aika harafin kansa a tsarin Unicode. Haruffa masu lanƙwasa kamar ɓ da ɗ da ƙ ba su da maɓalli a madannan Turanci, don haka tsari na biyu ne ke isar da su lafiya.

Sama da duka akwai jinkirin layi. Kowace taɓawa sai ta je ta dawo kafin a ga sakamakonta, kuma ido ya fi lura da jinkiri idan abin da ake ja yana ƙarƙashin yatsa yana biyo shi a baya. Masu ƙera manhaja sukan rage wannan ta hanyar zana kibiyar da faɗaɗa hoton a kan wayar kanta ba tare da jiran amsa ba, da kuma rage ingancin hoto idan layi ya yi rauni, wanda ke rage cin data a lokaci guda. A shekarar 2020 kamfanin Apple ya bai wa iPad cikakken ikon aiki da linzami da faifan taɓawa, kuma masu yini suna aiki daga nesa da dama sukan haɗa masa linzami da madannai na gaske, su bar yatsa ga gajerun ayyuka kamar duba saƙo ko sake kunna injin da ya tsaya.