Kuɗin Buga Maƙala da Aikin Ɗakunan Karatu na Jami'o'in Nijeriya

Tun da aka sakar wa naira mara a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 cikin ƙasa da shekara guda. Kuɗin da mujallun ƙetare ke karɓa kafin su bar maƙala a buɗe kowa ya karanta kyauta ya ninka fiye da sau uku a aljihun malamin jami'a, albashi kuwa bai bi sawu ba. Mujallar Nature kaɗai ta yanka Yuro 9,500 a kan kowace maƙala a 2021. Tsarin da aka ɗaura wa ɗamba a Budapest a 2002 don cire shinge gaban mai karatu ya ƙare da dasa shingen gaban mai rubutu.

A Jamus, ɗakunan karatu sun haɗa kai ƙarƙashin yarjejeniyar DEAL, suka karkatar da kuɗin da suke biyan kamfanonin buga mujallu Wiley da Springer Nature da Elsevier na karatu ya koma kuɗin bugawa. Takwarorinsu na Nijeriya ba su da irin wannan kuɗin balle su karkatar. Sun daɗe suna dogaro da Hinari, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a 2002, da AGORA na 2003, masu ba da damar karatu kyauta ko da rahusa.

Babban abin da ke ruruta matsalar dai yana cikin gida: ƙa'idojin ƙarin girma. Kwamiti ƙirga maƙaloli yake yi, yana fifita wadda ta fito a waje ko take cikin rumbun jerin mujallu na Scopus, ba lallai ya karanta ba. Sai malamai biyar ko shida su yi karo-karo su biya kuɗin maƙala ɗaya, kowa sunansa ya hau, har da wanda bai ga binciken ba. Wanda bai samu abokan haɗi ba ya faɗa hannun mujallun bogi, masu aiko saƙon imel cike da kirari, su karɓi aiki cikin kwana uku ba tare da wani masani ya tantance ba. Kwamitin kan gane daga baya ya soke, kuɗi sun tafi, aikin kuma ba ya sake buguwa a wani wuri. Ma'aikacin ɗakin karatu ne ya fi kowa sanin yadda ake bambance tsaki da tsakuwa a nan, amma da wuya a tuntuɓe shi kafin a biya.

Inda ɗakunan suka taɓuka shi ne ma'ajiyar bincike ta intanet. Jami'ar Jos ta buɗe tata a 2009 da manhajar DSpace, Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Zariya shi ma ya ɗora ɗimbin kundayen digiri. Manhajar kyauta ce, haka ma OJS da ake gudanar da mujalla da ita. Riƙo ne ke ba da wahala: wuta ta ɗauke, kwamfutar da ke ɗauke da bayanan ta mutu, kundayen da ɗalibai suka miƙa a faifai su kwana a durowa saboda babu mai shigar da su. Asusun TETFund na tallafa wa ɗakunan karatu da mujallun jami'o'i, sai dai gini da sayen kaya sun fi sauƙin samun kuɗi a kan aikin kullum.

Masu adawa na cewa ɗora kundaye a fili gayyatar satar fasaha ce, kamfanonin buga mujallu kuma na nuni da ragin da suke yi wa ƙasashe marasa ƙarfi. Ragin rabi a kan dubban daloli har yanzu ya fi ƙarfin malami, satar kuwa ta fi sauƙin ɓoyewa idan asalin kundin na kan kanta ƙura ta rufe shi.

Nazarin Hausa ya fi jin jiki, tun da da wuya mujallar waje ta karɓi maƙalar da aka rubuta da harshen. Dandalin mujallun Afirka na AJOL, da aka fara a 1998, ya ɗauki mujallun Nijeriya fiye da na kowace ƙasa, amma kusan duka da Ingilishi. Don ganin tsofaffin fitowar mujallu irin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, mai bincike daga Yamai ko Sakkwato kan yi tattaki ko ya aika a ɗauko masa hoton shafukan da waya.