Tsatsa a jikin mota: yadda ake cire ta a gida, da yadda ake hana ta dawowa

Mota dukiya ce. A garuruwanmu, mota ɗaya takan ciyar da gida biyu ko uku: gidan mai ita, da gidan direba, da na yaron mota. Ita ce ke kai hatsi kasuwa, ita ce ke kai maras lafiya asibiti. Mutane da yawa suna kula da injin, suna sake mai a kan lokaci, amma sukan manta da jikin motar. Alhali kuwa injin da ya lalace ana iya sauke shi a sa wani. Jikin da tsatsa ta cinye shi ne ke sa a jingine mota har abada.

Babban kuskuren da ake yi shi ne shafa fenti a kan tsatsa. Fenti yana ɓoye ta daga ido, amma ba ya kashe ta. Tana nan ƙarƙashinsa tana cin ƙarfe. Maganinta shi ne a goge ta har a kai ga farin ƙarfe, sannan a rufe ƙarfen a ranar, kafin ruwa ya sake taɓa shi.

Mene ne tsatsa?

Abu uku ne ke haɗuwa su haifi tsatsa: ƙarfe, da ruwa, da iskar da muke shaƙa, wadda ake kira oksijen. In aka raba ƙarfe da ruwa da iska, ba zai yi tsatsa ba. Wannan shi ne aikin fenti. Fenti ba ado kaɗai ba ne, riga ce da ke kare ƙarfe.

Ƙarfen jikin ƙaramar mota siriri ne ƙwarai. A yawancin wurare kaurinsa bai kai milimeta 1 ba. Saboda haka ba ya ɗaukar shekaru masu yawa kafin ya huje. Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri. Shi ya sa take kumbura fenti, ta fasa shi, ta buɗe wa ruwa sabuwar hanya.

Gishiri yana sa tsatsa ta yi sauri. Haka ma kanwa, da takin zamani, da fitsarin dabbobi, da ruwan batir.

Me ya sa motocinmu ke tsatsa, alhali ƙasarmu busassa ce?

Dalili na farko: motoci da yawa da ke yawo a Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram tsofaffi ne da aka sayo daga Turai, aka sauke su a tashar jiragen ruwa ta Kwatano ko ta Lome. A ƙasashen Turai masu sanyi, ana zuba gishiri a kan hanya don ƙanƙara ta narke. Motar da ta yi shekaru tana bin irin wannan hanya takan iso da tsatsa a ƙarƙashinta, ko da samanta yana ƙyalli.

Na biyu: tsakuwar hanyoyin jar ƙasa tana dukan jikin mota, tana ɓantare fenti. Iskar hunturu mai rairayi ita ma tana kankare shi a hankali, zafin rana kuma yana sa ya tsage.

Na uku: damana. Daga watan Yuni zuwa Satumba, laka tana manne wa ƙarƙashin mota da bayan tayoyi. Laka tana riƙe ruwa kwanaki da yawa bayan an ɗauke ruwan sama. Duk wurin da tsakuwa ta ɓantare da rani, a nan tsatsa za ta kama da damana.

Na huɗu: kayan da muke ɗauka. Motar da ke jigilar gishirin Bilma, ko kanwa, ko taki, ko awaki da tumaki, in ba a wanke bayanta, can tsatsa za ta fara.

Inda ya kamata a duba

A wanke mota, a kai ta wuri mai haske, a duba waɗannan wurare: gindin ƙofofi, da ƙarfen da ake takawa in za a shiga, bakin ramin da taya ke ciki, gefen gilashin gaba da na baya, ƙarƙashin roba, ƙasan mota daga ciki, bayan an ɗaga shimfiɗar ƙafa, ramin da ake ajiye tayar sauyi, da mazaunin batir.

Tsatsa iri uku ce

1. Ta sama. Ja ce kamar ƙura, a wurin da fenti ya ɓantare. Ƙarfen yana da ƙarfinsa. Wannan aikin gida ne, kuma mai sauƙi.

2. Mai kumburi. Fenti ya yi ƙuraje, in an kankare sai ɓawo ya riƙa zuba, ƙarfen kuma ya yi ƙananan ramuka. Ita ma ana iya yin ta a gida, amma tana son haƙuri.

3. Mai huda. Ƙarfe ya ruɓe, har an ga rami. A gwada da bakin sukurdireba: a danna wurin da ƙarfi. In ya lotsa ko ya huje, aikin ya wuce na gida. Sai an yanke ruɓaɓɓen wurin, an yi waldar sabon ƙarfe.

A kula da wannan sosai: in tsatsa mai huda ta kama shasi, ko wurin da ƙafar mota ke ɗaure, ko bututun birki, ko tankin mai, kada a toshe da mastik a ce an gyara. Waɗannan wurare su ne ke riƙe da rayukan mutanen da ke cikin mota. A kai ta wurin mai walda da makanike. Kada kuma a yarda a kunna wutar walda kusa da tankin mai ba tare da an cire shi ba.

Kayan aiki

Ana bukatar sabulu da ruwa, da tsumma mai tsabta, da buroshin ƙarfe, da takardar gugar ƙarfe wadda ake kira samfefa. Ana bukatar ruwan tsinka fenti, da maganin tsatsa na kanti, da fentin farko mai kare tsatsa, wanda masu shago ke kira antiruy, da fenti mai launin motar. A tanadi tsofaffin jaridu da salatif don rufe wurin da ba a so fenti ya taɓa.

A bayan kowace samfefa akwai lamba. Ƙaramar lamba tana nufin mai kaushi, babbar lamba tana nufin mai laushi. Lamba 80 ta cire tsatsa ce. Lamba 180 ta daidaita wuri ce. Lamba 400 ta gyaran ƙarshe ce kafin fenti.

Launin mota ma yana da lamba. Galibi tana rubuce a kan wata ƴar takarda ko ɗan ƙarfe a jikin ƙofar direba, ko a wajen injin. A rubuta ta a kai wa mai fenti, ya fi a ce masa "fari" ko "shuɗi" kawai.

Lokacin da ya dace

A yi aikin da rani, kafin ruwan farko. A zaɓi safiyar da babu iska, domin ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti. A yi shi a inuwa. Ƙarfen da ya sha ranar watan Afrilu ko Mayu yana busar da fenti tun bai kwanta ba, daga baya sai ya ɓare. In hannu ba zai iya jure zafin ƙarfen ba, a dakata.

Yadda ake aikin, mataki bayan mataki

1. A wanke wurin da sabulu, a bari ya bushe sarai. A rufe gilashi da roba da fitila da jarida.

2. A kankare ɓawon tsatsa da buroshin ƙarfe.

3. A goge da samfefa mai lamba 80 har ƙarfe ya fito fari yana ƙyalli. Kada a tsaya a iyakar abin da ido ya gani. Tsatsa tana rarrafe ƙarƙashin fenti mai kama da lafiyayye. A faɗaɗa gugar kamar santimeta 2 ko 3 kowane gefe, har a ga ƙarfe mai tsabta ya kewaye wurin. Wannan mataki shi ne ya fi gajiyarwa, kuma shi ne ake yawan yankewa. Wanda ya gaggauta a nan, zai sake aikin bayan damana ɗaya.

4. A bi bakin tsohon fenti da lamba 180, har yatsa ya wuce bai ji tudu ba.

5. A share ƙurar, a goge da tsumman da aka jiƙa da ruwan tsinka fenti. Daga nan kada a taɓa ƙarfen da hannu, domin zufa tana da gishiri.

6. In akwai ƙananan ramuka da samfefa ba ta kai cikinsu ba, a shafa maganin tsatsa. Wani irinsa yana ɗauke da asid fosforik, wani kuma yana ɗauke da sinadari irin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Dukansu suna juya ragowar tsatsa ta zama baƙa mai tauri. Maganin ba ya maye gurbin guga: a kan ɓawo mai kauri ba ya aiki. A karanta abin da aka rubuta a jikin kwalba, ko a sa wani ya karanta, domin wani iri ana wanke shi bayan ya gama aiki, wani kuma ana barin sa ya bushe.

7. In wurin ya ɗan lotsa, a cike da mastik. Ana gauraya shi da ɗan maganin da ke sa ya daskare, kuma yana daskarewa cikin ƴan mintoci, musamman da zafi. Saboda haka a dama kaɗan kaɗan. A shafa shi siriri, a kan ƙarfe mai tsabta kawai. In ya bushe a goge shi ya yi daidai da jikin mota.

8. A shafa fentin farko a ranar. Farin ƙarfen da ya kwana a buɗe, raɓa kaɗai ta isa ta sa ya wayi gari da ja. A shafa sau 2 ko 3, siriri siriri, ana barin kowane shafi ya sha iska. In na fesawa ne, a girgiza gwangwanin sosai, a riƙe shi nesa da mota kamar santimeta 25. Shafi mai kauri yana zuba, kuma cikinsa ba ya bushewa.

9. In fentin farko ya bushe, a bi shi a hankali da lamba 400, a share, sannan a shafa launi sau 2 ko 3.

10. Kada a manta da bayan ƙarfen. Sau da yawa daga ciki tsatsa ke tasowa. In hannu yana kaiwa, a goge can ma, a shafa fentin farko, sannan a bi shi da giris.

Ƙananan ƙarafa da ake iya kwancewa, kamar noti da ƙugiya, ana iya jiƙa su cikin binegar su kwana. Da safe a goge su da buroshi, a ɗauraye, a busar nan take, a shafa mai.

Kiyaye lafiya

A rufe hanci da baki lokacin guga da lokacin fenti, a sa tabarau, a sa safar hannu. A yi aikin a fili, ba cikin ɗaki ba. Ruwan tsinka fenti yana kama wuta da sauri: babu sigari, babu murhu a kusa. Wasu masu fenti suna cewa shan madara yana wanke gubar fenti daga jiki. Wannan ba gaskiya ba ne. Abin da ke karewa shi ne kada a shaƙa.

A nisanta yara daga wurin. Kada a zuba maganin tsatsa cikin kwalbar lemo, kada kuma a mai da gwangwanin fenti abin ɗibar ruwan sha. In magani ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a tafi wurin likita. In ƙarfe ya yanki mutum, a wanke ciwon da ruwa da sabulu, a je asibiti a tambayi allurar tetanos.

Rigakafi ya fi magani

Da damana, a riƙa wanke lakar ƙarƙashin mota da ta bayan tayoyi. A gindin kowace ƙofa akwai ƙananan huduji da ruwa ke fita. Ƙura tana toshe su, sai ruwa ya kwanta cikin ƙofa. A buɗe su da ɗan tsinke. In ruwa ya shiga mota, a fid da shimfiɗar ƙafa a shanya. Kafin a ɗora gishiri, ko kanwa, ko taki, ko dabbobi, a shimfiɗa tamfol, a kuma wanke bayan motar da an sauke. Duk inda tsakuwa ta ɓantare fenti, a ɗiga masa fenti tun yana ƙarami kamar ƙwayar gero.

Wasu suna shafa baƙin man inji a ƙarƙashin mota. Yana lalata roba, yana ɓata ƙasa da ruwan rijiya, kuma yana cutar da fata. Giris mai tsabta ya fi shi.

Wanda zai sayi tsohuwar mota ya tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. Yana kama ƙarfe, amma ba ya kama mastik mai kauri. In ya manne ko'ina a jikin ƙofa sai wuri ɗaya, akwai abin da aka ɓoye a nan. Ya kuma durƙusa ya leƙa ƙarƙashi kafin ya biya kuɗi.

Mu tuna

Fenti a kan tsatsa ɓoyo ne, ba magani ba. A goge har farin ƙarfe, a rufe shi a ranar. Tsatsar da ta huda shasi, ko ta kama bututun birki, ba aikin gida ba ce. Kafin ruwan farko na bana, kowane mai mota ya ware safiya ɗaya, ya wanke motarsa, ya duba gindin ƙofofi da bayan tayoyi.