Idan Hanta Ta Gaza, A Sa Ido Kan Fitsari

Daga Funtua zuwa Malumfashi, da wuya a samu garin da babu manomin da cikinsa ya kumbura, idanunsa suka yi ɗorawa, ana ta cewa shawara ce ko sammu. Galibi hanta ce ta taurare. Binciken ƙasa na 2018 ya gano kashi 8.1 cikin ɗari na manya a Najeriya suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, wadda kan taurar da hanta. Sai dai abin da kan gaggauta ajalin irin wannan mara lafiya, sau da yawa ƙoda ce.

In hanta ta taurare, jini ba ya ratsa ta da sauƙi. Sai jijiyoyin hanji su saki, jinin ya taru a can, jiki kuwa ya zaci jini ya yi ƙaranci, ya matse jijiyoyin ƙoda. Ita ƙodar lafiyarta ƙalau, kamar lambun da ke ƙarshen kwata ne, ƙasa mai kyau amma an tare ruwan a sama. A 1969 likitoci a Amurka sun dasa wa wasu mutane ƙodojin waɗanda wannan ciwo ya kashe, suka kama aiki.

Na yi jinyar kawuna, manomin masara a yankin Bakori. Ranar da aka kwantar da shi, likita ta miƙo mini gorar roba, ta ce, "Malam, duk fitsarin da Baba ya yi, a auna." Wuni guda, ɗan kaɗan ne ya taru a gindin gorar, ja wur. Ta tambayi abin da yake sha, sai Kawu ya zaro ƙullin leda daga aljihu: "'Yata, maganin gajiya ne kawai, haɗin kemis." Akwai diclofenac a ciki, wanda shi da ibuprofen ke ƙara shaƙe jinin ƙoda. Aman jini, gudawa, jiƙon wankin ciki, ƙwayar cuta a ruwan ciki, da zuƙe ruwan fiye da lita 5 ba tare da ƙarin albumin ba, duk suna iya jawo hakan.

Nan take ta dakatar da ƙwayoyin da maganin sa fitsari, aka ɗaura masa albumin, sinadarin jini da hanta ke yi, wanda ke riƙe ruwa cikin jijiya. Cikin ikon Allah fitsari ya dawo. Da bai dawo ba, da sai a haɗa da allurar terlipressin mai tsuke jijiyoyin hanji, wadda Turai da Indiya suka daɗe da ita, Amurka kuwa sai 2022 ta amince. Tana iya taɓa numfashi, don haka sai da sa ido. Inda babu ita, akan ba da noradrenaline a sashen kulawa ta musamman. Wankin ƙoda kuwa riƙon ƙwarya ne kafin dashe, ba ya gyara hanta.

Maganin dindindin shi ne dashen hanta, wanda Thomas Starzl ya fara gwadawa a 1963. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na dashen ƙoda tun 2002, amma na hanta mutanenmu Indiya ko Masar suke nufa, ɗan'uwa ya ba da wani yanki na tasa, ta sake tofowa. Kafin a sayar da gona da shanu, a haɗa kuɗi da biza, watanni sun shuɗe, kuma wanda ƙodarsa ta tsaya ba ya iya wannan jira.

Shi ya sa nake roƙon duk mai jinyar ciwon hanta: kada a ba shi ƙwayar kemis ko jiƙo ba da sanin likita ba, kuma ranar da fitsari ya ragu, ranar za a kai shi asibiti. Sauran gida su yi gwajin ciwon hanta nau'in B, domin maganin tenofovir na danne ƙwayar cutar kafin hanta ta lalace. Jariri kuwa a yi masa rigakafi cikin awa 24 da haihuwa, tun kafin ranar suna.