Hoton Da Ba Shi Da Na Biyu

Tun daga shekarar 1975, lokacin da Steven Sasson na kamfanin Kodak ya haɗa kyamarar dijital ta farko, darajar hoto take ta raguwa, domin abin da ake iya kwafa sau dubu ba tare da an rasa kome ba, da wuya a ɗauke shi da tsada. Wannan ne ya sa waɗansu masu zane a Amurka da Turai suka koma ga wata tsohuwar dabara, wato bugu ɗaya tak.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Giovanni Castiglione, mutumin Italiya, shi ne ya fara ta wajen shekarun 1640, yana shafa tawada a kan farantin ƙarfe ya danna takarda sau ɗaya. Masu yi a yau sun sauya ƙarfen da jelatin, wato abin nan mai danƙo da ake samu daga dafa ƙashi da fatar dabba. Duk wanda ya taɓa ganin romon ƙafar saniya ya huce ya daskare, ya san shi.

Ga yadda ake haɗa shi da hoto. Mai zane zai gyara hotonsa a kwamfuta ya zama baƙi da fari sosai, ya buga shi da na'urar lesa mai garin tawada. Sai ya shimfiɗa fenti siriri a kan jelatin, ya kifa hoton, ya shafa da tafin hannu, ya ɗaga nan da nan. Farin takarda yakan tsotse fenti, amma inda garin tawadar yake ba ya tsotsa, don haka siffar hoton ta zauna a kan faranti. In ta bushe, sai a ƙara fenti mai haske, a danna sabuwar takarda, a ɓamɓaro duka.

A nan ne gwaninta take. In fenti ya yi kauri, fuskar mutum ta nutse. In hannu ya yi jinkiri, takarda ta manne. Sau da yawa rabin fuska ne kawai ke fita, kuma a ganina irin wannan ya fi cikakken hoto riƙe ido.

Sai dai jelatin ba ya son zafi: yakan fara narkewa wajen digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, yana kuma yin fumfuna. Masu haɗa nasu a gida sukan zuba gilisarin don ya daɗe, waɗansu kuwa sukan sayi farantin roba irin na Gelli Arts, wanda ba ya bukatar firji.